Me Za Mu Dasa A Kan Jatau?

 A wannan wata zan ɗan jingine maganar makaranta da jarrabawa da muka saba yi, in shigo da ku tsakar gidana. Na san akwai waɗanda za su ce lallai Malam ya rasa abin rubutawa, tun da har ya koma ba da labarin mataccen kifi. To, a yi mini haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, sa'an nan a yanke mini hukunci.

Shekara biyu ke nan da 'yar autata ta zo ta ɗaya a ajinsu, na tambaye ta kyautar da take so, ta ce kifi. Na zaci soyayye take nufi, ashe mai rai take so, irin wanda ta gani a wani kanti da ake sayar da tsuntsaye. Na saya mata jan kifin nan na ado wanda Larabawa ke kira samak zahabi, watau kifin zinariya, wanda mutanen ƙasar Sin suka fara kiwonsa wajen shekara 1,000 da suka wuce. Na haɗa mata da ɗan akwatinsa na gilashi da injin da ke hura masa iska. Ta raɗa masa suna Jatau. Kullum kafin ta tafi makaranta sai ta gaishe shi, in ta dawo kuwa shi take fara ba labarin abin da aka yi a aji, kafin uwarta ma ta ji.

A watan Agustan bara, wata rana wuta ta ɗauke tun azahar, ba ta dawo ba sai tsakar dare. Kowa ya san yadda ɗakunanmu na Sabha suke zama a irin wannan rana. Injin iska ya tsaya, ruwa ya ɗau zafi. Shi kuwa ruwa, gwargwadon ɗuminsa gwargwadon ƙarancin iskar oksijin da yake riƙewa: in yana digiri 20 yakan riƙe wajen miligiram 9 a kowace lita, in ya kai digiri 30 sai ya sauko wajen 7 da rabi, alhali kuwa a lokacin zafin ne kifi ya fi bukatar iskar. Ni ma ina da nawa laifin, domin na bar yara suna zuba masa abinci sau uku a rana, ga shi na yi ta ɗaga ranar sauya masa ruwa. Da na fito sallar asuba na haska fitila, sai na tarar da Jatau a saman ruwa, ciki sama.

Abin da ya fara zo mini a rai shi ne in jefa shi bola kafin yarinyar ta farka, in ce an kai shi wajen magani, da hantsi in sayo mai kama da shi in saka. Da na faɗa wa uwargida sai ta ce, "Haba Malam, kai da kake korar 'yan makaranta daga ɗakin jarrabawa saboda satar amsa? Ai ta san ɗigon baƙin da ke wutsiyarsa." Na yi shiru, domin na san ramin ƙarya ƙurarre ne.

Da Auta ta tashi na zaunar da ita na gaya mata gaskiya. Ba ta yi kuka nan da nan ba. Ta daɗe tana kallon akwatin, sa'an nan ta ce, "Baba, ina za a kai shi?" Ban kai ga ba ta amsa ba ta ƙara da cewa, "Ita Hajiya ina aka kai ta?"

Hajiya mahaifiyata ce. A bayanta Auta ta girma. Da tsufa ya kama ta sai ta matsa a mai da ita gida Damagaram, a can kuma Allah Ya karɓi abinsa shekara guda kafin wannan magana. Ta wayar hannu muka ji. Muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kwana uku, jama'a suka zo gaisuwa, aka yi addu'a, aka watse. Yarinyar ta ga taro, ta ga kuka, ta ga manyan tukwane, amma ba ta ga makara ba, ba ta ga inda aka kwantar da kakarta ba, mu kuma ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani. Na tabbata ba gidana kaɗai ba ne. Hanyar da ta tashi daga Sabha ta bi ta Gatrun da Tummo da Madama da Dirku da Agadas kafin ta kai Damagaram ba hanya ce da mutum zai ji rasuwa da safe ya sami jana'iza da la'asar ba. Saboda haka 'ya'yanmu da yawa abin da suka sani game da mutuwa shi ne waya ta yi ƙara, uwa ta fashe da kuka. A nan na gane cewa tambayar yarinyar nan ta daɗe a cikinta, kifin ne kawai ya buɗe mata baki. Na ce mata binne shi za mu yi, kuma da hannunta.

Yayanta mai shekara 15 ya kwashe da dariya, ya ce wa ya taɓa jin an binne kifi a hamada? Na ce masa da ya san ƙasar da yake takawa da bai yi dariya ba. A duwatsun Akakus da ke kusa da Gat akwai wani kogo da ake kira Takarkori, inda masu binciken kayan tarihi daga wata jami'a ta birnin Rum suka yi tono. A 2020 aka bayyana cewa daga cikin ƙasusuwan dabbobi 17,551 da aka tantance, kusan kashi 80 cikin 100 na kifi ne, tarwaɗa da karfasa, irin waɗanda ake ci a Kano da Maraɗi yau. Mutanen da suka zauna a wurin tsakanin shekara 10,200 zuwa 4,650 da suka wuce su suka kama su suka ci, lokacin da Fezzan ke da tafkuna da ƙoramu. Watau rairayin nan namu ya daɗe da sanin ƙashin kifi. Na kuma ba shi labarin wani kifi irin Jatau mai suna Tish a Ingila, wanda aka samu a wajen wasa a 1956, ya rayu shekara 43, ya mutu a 1999, masu shi suka binne shi a lambun gidansu. Yaron ya daina dariya, ya ɗauko shebur.

Sai dai na kafa sharaɗi tun farko, bayan na tuntuɓi limamin unguwarmu. Ba salla, ba likkafani, ba kuma wurin ziyara za mu yi ba. Dabba ce, ba a yi mata abin da ake yi wa ɗan Adam. Binne ta tsabta ce, kuma girmama halittar Allah ce. Yarinyar ta gane wannan sarai, fiye da yadda na zata.

Daga nan sai maganar wuri. Kakannin wasu daga cikinmu sun biyo ayari daga Kano da Damagaram zuwa Murzuk da Gat tun ƙarni na 19, suna da gidajensu da gonakinsu. Amma da yawanmu haya muke yi, yau kana Gurda, gobe mai gida ya ce ɗansa zai yi aure, ka koma Mahadiyya ko Manshiyya. Baƙo raɓa ne. In na binne kifin a tsakar gidan wani, ran da muka tashi yarinyar za ta sake barin wani nata a inda ba za ta iya komawa ba. Saboda haka na sayo duron roba na lita 200, na raba shi biyu, na huhhuda gindin rabi guda, na zuba tsakuwa a ƙasa, sa'an nan ƙasar gona da aka gauraya da ruɓaɓɓen takin tumaki kamar taƙi ɗaya. Auta ta naɗe Jatau a cikin takarda ta kwantar da shi, muka cika da ƙasa wajen santimita 30 a kansa, muka ɗora bulo saboda kyanwa.

Ga wanda yake da gidan kansa, ya yi rami mai zurfin kamu ɗaya, nesa da rijiya ko tankin ruwa. Kada a sa kifin a leda, domin leda ba ta ruɓewa, tana hana ƙasa yin aikinta. Kada kuma a jefa shi a magudanar ruwa ko wani tafki, domin in cuta ce ta kashe shi ana iya yaɗa ta. Abu na ƙarshe, a riƙa yayyafa wa wurin ruwa. Busasshen rairayinmu ba ya ruɓar da abu, sai dai ya busar da shi kamar banda. Sai da laima ƙananan halittun ƙasa da ido ba ya gani suke iya cinye naman, su mai da shi abincin shuka.

To, sai babbar tambaya: me za a dasa a kai? A nan ne gidan ya rabu, kowa da nasa. Ni dai a matsayina na malami na ɗauko alli na rubuta sharuɗɗa huɗu a jikin bango. Na ɗaya, itacen ya jure zafin da ke haura digiri 40 da iskar gibli, ya kuma jure daren Janairu da sanyi kan sauko kusa da sifili. Na biyu, ya jure ruwa mai gishiri-gishiri da ranar da famfo bai kawo ba, domin garin da ruwan samansa da ƙyar yake kai milimita 10 a shekara ba a dogara da sama. Na uku, kada ya zama mai dafi. Na huɗu, ya zama mai tsawon rai, kuma mai yarda da zaman duro. Dalilin duk wannan ɗaya ne: in aka dasa abin da zai bushe bayan wata biyu, an jawo wa yarinya makoki na biyu.

Uwargida ta ce a sa na'ana'a, ga ƙanshi ga amfani, tun da kullum sai mun saya saboda shayi. Auta ta zaro ido ta ce, "Inna, Jatau za mu riƙa sha a shayi?" Magana ta mutu a nan. Ko ba don haka ba ma, na'ana'a saiwarta a sama take, in aka yi kwana biyu ba ruwa a watan Yuli sai ta kwanta.

Yayanta ya ce dabino, tun da shi ne sarkin itatuwan Fezzan, ga talis ga tagiyat. Gaskiya ne ba abin da ya kai shi jure wannan ƙasa. Amma dabino na mai gona ne. Ba ya zama a duro, yana son fili da zurfi, ɗan da aka cire daga gindin uwa yakan yi shekara huɗu ko biyar kafin ya fara haihuwa, wanda aka shuka daga ƙwallo kuwa ba ka san ko namiji ne ko mace ba sai bayan shekaru. Ɗan haya ba ya dasa dabino sai in sadaka ya yi niyya ga mai gida.

Wata maƙwabciya ta kawo mana reshen furen nan da Larabawa ke kira difla, mai fure ja ko fari, wanda ake dasawa a bakin titi. Yana da kyau, yana jure zafi da gishiri. Amma ina roƙon iyaye su ji wannan da kyau: ganyensa da furensa da itacensa duk dafi ne mai taɓa zuciya, har hayaƙinsa in an ƙona. Gidan da ke da yara ko akuya ba wurinsa ba ne. Na yi godiya na karɓa, da ta fita na kai shi bola.

Magarya ma ta zo a zance, tun da da ganyenta ake yi wa mamaci wanka, kuma ba ta tsoron fari. Sai dai ga ƙaya, ga saiwa mai nisan tafiya, ba ta duro ba ce. Zogale kuwa saurin girma gare shi, amma sanyi mai tsanani yana ƙona shi, ga shi ganyensa miya za a yi da shi, mun koma maganar shayi.

Ni abin da raina ya so shi ne lalle. Hajiya tana da gindin lalle a bayan ɗakinta a Damagaram, ƙanshin furensa da dare shi ne ƙanshin ƙuruciyata. Yana son zafi, ba a cin sa, kuma da shi ake biki da Salla. Aibinsa ɗaya: ƙaramin lalle ba ya son daren sanyi, in ya yi tsanani yana iya kashe shi, sai an jingina shi da bangon da rana ke duka, ana rufe shi da buhu da dare. Na auna, na ga ina so ne in dasa kewata a kan kifin yarinya. Na bar wa mai abu ta zaɓa.

Ranar wata Juma'a wani dattijo Bafezzane da muke sahu ɗaya da shi ya gayyace mu gonarsa a bayan gari. A ƙarƙashin dabinai akwai rumman jere, 'ya'ya sun yi nauyi, ga wasu 'yan furanni na makara da suka rage. Auta ta tsaya a gaban ɗaya ta ce, "Baba, dubi, kalar Jatau!" Na duba, wallahi haka ne, ja mai ruwan lemo, har da baza gefe kamar wutsiya. Dattijon ya ji labarin, bai yi dariya ba. Ya ce, "Ya Ustaz, yarinyar ta fi ku ido. Ku dawo cikin sanyi in yanka mata reshe."

Da na koma ga sharuɗɗan da ke bango sai na ga rumman ya cinye duka huɗun. Yana jure zafi, yana jure sanyin da ya fi namu, yana haƙuri da ruwa mai ɗan gishiri fiye da lemo, ba shi da dafi a 'ya'yansa, sai 'yar ƙaya jefi-jefi a reshe, yana zama a babban mazubi, kuma yakan yi shekaru masu yawa. Ga shi itace ne da aka ambata sau uku a Alƙur'ani mai girma, biyu a Suratul An'am, ɗaya a Suratur Rahman. Hausawa sun ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma ran nan a ƙasa take tsaye ta riga mu gani.

Daga Agusta zuwa Janairu yarinyar nan tana ba duron da ba kome a cikinsa ruwa duk bayan kwana uku. Jiran ya yi amfani, domin ɗanyen kifi in ya taɓa sabuwar saiwa yana iya ƙona ta, amma bayan watanni ya riga ya zama taki. A Janairu dattijo ya cika alkawari. Ya yanko reshen bara mai kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya da 'yan kai, ya ce a binne kashi biyu cikin uku, a bar ido biyu ko uku a waje. Ya ce a riƙa ba shi ruwa da yamma, a ƙoshar da shi har ya ɗiga ta ƙasa domin ya wanke gishiri, in kuma an ga farin ɓawo a saman ƙasa a kankare shi.

Sati uku, sati huɗu, ba abin da ke cikin duro sai ɗan tsinke. Wata safiya na tarar da ita a tsugune tana hawaye, ta ce, "Baba, shi ma ya mutu." Na kama hannunta na sa ta ɗan kankare ɓawon da farce. Ga kore shar a ciki. Na gaya mata rumman haka yake, duk shekara yakan zubar da ganye cikin sanyi ya tsaya kamar busasshe, sa'an nan ya farka. Duk wanda zai dasa wa yaro rumman ya gaya masa wannan tun da wuri. A farkon Maris sai ga 'yan ganyaye jajaye sun ɓullo. Ihun da ta yi sai da maƙwabta suka leƙo.

Ta tambaye ni ko in ya yi 'ya'ya ana iya sha. Na ce ƙwarai. Saiwa ba ta cin nama. Abin da take sha shi ne ruwa da sinadaran da suka narke a cikinsa, naitirojin daga naman, fosfaras da kalsiyam daga ƙashin, irin dai waɗanda ke cikin takin da manomi ke saya. Sai dai in kifi ya yi jinya an zuba masa magungunan nan masu rina ruwa shuɗi ko kore kafin ya mutu, to a kiyaye, domin akwai daga cikinsu wanda ƙasashe da yawa suka hana a ba kifin da za a ci. Irin wannan a dasa masa abin da ba a ci, a nan lalle ya fi dacewa.

Shawarata ga iyaye 'yan'uwana ita ce, in abin da yaro ke ƙauna ya mutu, ko kifi ne ko tantabara ko ɗan akuya, kada a ɓoye, kada a yi masa dariya, kada kuma a yi gaggawar sayo wani a toshe masa baki. A bar shi ya gani, ya taɓa ƙasa da hannunsa, ya yi tambaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu sai bayan rumman ya yi ganye muka sayo wasu kifaye biyu. Yanzu abinci sau ɗaya ne a rana, ana sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwansu duk mako, in wuta ta ɗauke kuwa ana ɗiban ruwan da kofi ana zubawa daga sama domin iska ta shiga. Tsohon ruwan da aka kwashe a gindin rumman yake ƙarewa, shi ma taki ne.

A daren da muka dasa reshen ne na zaunar da Auta na gaya mata yadda aka yi wa Hajiya wanka, da waɗanda suka sallace ta, da maƙabartar da aka kai ta, da wanda ya shiga ya karɓe ta. Ta saurara har ƙarshe, ta yi kukan da ba ta yi ba shekara guda da rabi, ni ma na taya ta. Dattijo ya ce sai shekara ta uku za mu sa ran 'ya'ya. Yarinyar ta riga ta yanke hukunci cewa na farkon da ya nuna ba mai taɓa shi a gidan, masallaci za a kai a ba wani sadaka, Allah Ya kai ladan kabarin Hajiya. Ko muna gidan nan a lokacin ko mun tashi, duron dai yana shiga bayan mota.

Allah Ya jiƙan magabatanmu na nan da na gida, Ya raya mana zuriya. Sai mun sadu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.